Injin da Na Naɗa wa Amawali

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na yi a ƙauyen Silet ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin a kasuwar Tamanrasset akwai mutane da yawa da ba su san sunan da mahaifina ya raɗa mini ba, sai wanda na samo a ranar. Zan ba da labarin gwargwadon abin da nake iya tunawa. Idan na sassauta a wani wuri, ba don in kare kaina ba ne. Babu abin da ya rage na karewa.

Na gama jami'a da lisansi, wato digiri, a fannin labarin ƙasa, na koma Damagaram na yi shekara biyu ina yawo da takardu daga wannan buro zuwa wancan, ofis bayan ofis. Da takalmina ya mutu, sai mahaifiyata ta kira ƙanenta, Kawu Mamman, wanda yake da shago a Tamanrasset yana sayar da injin ban ruwa da tiyo da shebur da sauran kayan lambu. Ya ce in zo. Da na zo kuma ya dube ni, ya dubi shagon, ya ce a gaskiya bai ga inda zai ajiye mutumin da ya san sunayen koguna ba. Haka na yi wata biyar ina ɗaukar bulo a wajen gine-ginen unguwar Gataa El Oued, tare da samarin garinmu da suka fi ni ƙarfi, suka fi ni fara'a, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya jijjiga tsani kafin ya hau ba. Ni sai na jijjiga sau biyu.

Kwali shida ne suka fid da ni daga bulo. Kawu ya sa aka kawo masa injin yankan itace guda shida daga arewa, irin mai sarƙar nan da ake jan igiya a tayar. Ba manyan nan ba ne na masu sare daji, ba kuma ƙananan da suka yi kama da abin wasa ba. Matsakaita ne, na mai lambun da ke son ya rage reshe, ya daddatsa kututturen dabino, ya tara itacen girki sau uku ko huɗu a shekara. Kowane kwali da littafinsa na Faransanci, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Kawu bai yi lekkol ba, wato boko. Ya jujjuya littafin, ya miƙo mini.

"Injiniya, karanta mana mu ji me suke so," in ji shi. (Tun daga ranar haka yake kirana, kuma har yau ban tantance ko girmamawa ce ko zolaya ba. Ina jin rabi da rabi ne.)

Na karanta littafin sau uku, na ja layi da jan biro. Washegari na yi wa Kawu bayani: esansi, wato fetur, ba a zuba shi zalla, sai an gauraya da nasa man a kan awo, sarƙa tana da nata man daban, kada ta yi sako-sako, kada kuma a ɗaure ta tamau, haƙoranta suna son magagari a kai a kai, buji, wato fulogin da ke ba da wuta, yana son a riƙa duba shi. Kawu ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba yi ba. Sannan ya sa aka kwashe tiyo daga kan wani tebur a lungun shago, ya ce nan ne wurina, duk wanda ya sayi inji ni zan koya masa, in ya lalace ni zan gyara. Teburin ƙafarsa ɗaya gajera ce, sai an cusa kwali. Amma a rayuwata shi ne tebur na farko da aka ce nawa ne, kuma a ranar na ɗauki hotonsa na tura wa mahaifiyata.

To, a littafin akwai wani layi da ya hana ni sakat. An ce matatar iska, wato ɗan rariyar da iska ke bi kafin ta shiga cikin inji, a riƙa tsabtace ta sau da yawa "a wuraren da ke da ƙura". Na daɗe ina kallon layin nan. Wanda ya rubuta shi, a tunanina, bai taɓa zuwa garin nan ba. Nan rairayi yakan shiga gwangwanin sukari a rufe. Kuma na san mutanenmu: wanda ya sayi inji ba zai buɗe murfinsa ba sai ranar da ya mutu. Na yi kwanaki ina hango rairayi yana kutsawa, yana cinye injunan Kawu ɗaya bayan ɗaya, ana dawo da su ana jibgewa a kan teburina.

Wata safiya ina zaune ina kallon masu wucewa, sai na lura da abin da kullum nake gani. Babu namijin da ya wuce bai ja amawalin rawaninsa ya rufe hanci da baki ba. Mutanen da suka gaji zaman wannan ƙasa kaka da kakanni sun yanke cewa hanci ba ya fita tsirara. To me ya sa hancin inji zai fita? Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai. Na ga kamar na haɗa ilimin boko da hikimar gargajiya a wuri ɗaya, irin abin da malamanmu na jami'a suke yabawa.

Sai in ɗan yi magana a kan rawanina. A makon farko da na zo na saye shi, mai shagon ya rantse mini shunayya ne. Wanki ɗaya ya koma ruwan hoda. A duk faɗin kasuwa mutane suna naɗa fari da baƙi da shuɗi, ni kaɗai ke yawo da ruwan hoda, kuma ban sake wani ba saboda na ga ɓarna ce a yar da ƙyalle mai kyau don launi kawai. Daga jelar wannan rawani na yanko ƙyalle shida da almakashi. Na buɗe murfin kowane inji, na naɗe matatar iskarsa ninki huɗu (da farko biyu na yi, sai na ce in ƙara don kwanciyar hankali), na ɗaure da zare, na mayar da murfi. Na tayar da kowanne na minti ɗaya, ban ba shi wuta sosai ba don kada in dami maƙwabta. Duk sun tashi lafiya.

Niyyata in gaya wa duk wanda ya saya. Na ma gwada da na farko. Na ce masa, "Akwai wani ɗan abu a ciki, ba wai dole ba ne, amma idan hali ya yi, wataƙila lokaci zuwa lokaci, in ba damuwa..." Kafin in kai ga ƙyallen mutumin ya saɓa injinsa ya yi sallama. Sauran ukun kuma na ji nauyi, kada su yi mini dariya. Guda huɗu suka fita a haka, biyu suka rage a shago.

Wata biyu ba a cika ba ƙorafi ya fara zuwa, kuma duk baki ɗaya: injin yana tashi, amma da ya taɓa itace sai ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu. A kasuwa aka fara cewa matsakaitan injunan nan ba su da ƙarko, na wata ɗaya ne. Ni kuma ina ba da amsa a waya cikin natsuwa, cewa mai yiwuwa esansi ne, ko awon mai, ko yadda ake riƙewa. Ba zan yi ƙarya ba, ƙyallen ya taɓa faɗo mini a rai sau ɗaya ko biyu. Na kore shi. Abin da aka sa don kariya, ta yaya zai zama shi ne cutar?

Ranar Talata aka kira Kawu daga Silet. Baba Ilyas ne, wani dattijon Buzu mai lambu, tsohon abokin cinikinsa, wanda ya yi zaman Agadas har Hausa ta zauna a bakinsa. Iska ta kayar da wani tsohon dabino a kan matarar ruwansa ta siminti, kututturen ya danne bakin magudana, kwana uku ke nan ruwa bai shiga lambu ba sai wanda ake kai wa da bokiti. Injin da ya saya don irin wannan rana kuma ya ƙi yanka. Kawu ya ajiye waya, bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, gobe da asuba ka bi motar kayan lambu. In injin ya yanka, shi ke nan. In bai yanka ba, ka taho da shi, in haɗa da biyun nan in mayar wa masu su. Teburin kuma dama tiyo na bukatar wuri."

Bai ambaci bulo ba. Ba sai ya ambata ba.

Mun isa da hantsi. Baba Ilyas dogo ne, shuɗin amawalinsa bai bar komai a waje ba sai idanu. Tare da shi akwai yayarsa, Inna Fadimata, wadda ita ke kula da injin ban ruwan gidan shekara da shekaru, da kuma ma'aikata uku 'yan wajen Maradi, babbansu Habu, kafaɗunsu duk sun yi sawun ɗaukar ruwa. Na ga kututturen: gindinsa a ƙasa, tsakiyarsa a kan bangon matarar, kansa ya toshe magudana. Sun gwada gatari, amma jikin dabino zare ne, gatari sai ya yi tsalle ya dawo, kuma kowane sara yana girgiza simintin, har ya fara tsagewa. Can gaba na hango tumatir a cikin fangali sun sunkuyar da kai.

Na so in fara nan take, Baba Ilyas ya ce sai an sha shayi. Na sha kofi uku ina kallon tumatir. Sannan na shimfiɗa tabarma a inuwa, na jera kayan aikina daga ƙarami zuwa babba, na ajiye littafin a gefe inda kowa zai gan shi, na fara tambayoyi kamar likita.

"Baba, da me kuke auna man da ake gaurayawa?"

"Da kofin shayi."

"Kofi nawa a lita nawa?"

"Yadda ido ya gani, ɗana."

Na girgiza kai cikin tausayawa. Na buɗe tankin man sarƙa na tarar da baƙin man da aka juye daga mota. Na sake girgiza kai. Na taɓa haƙoran sarƙa, sun dakushe kamar cokali. Nan fa na sami bakin magana. Na yi musu lacca ta kusan minti goma, cewa inji amana ne, kuma galibi, ban ce kullum ba, idan aka ji inji ya ba da matsala, to hannun mutum ne ya jawo. (Wannan jimlar ita kaɗai ce gaskiya tsantsa a cikin laccar, kuma da na san inda za ta faɗa da na haɗiye ta.) Habu ya ce, "Allah shi ƙara sani, Malam," da wata murya da ban yarda da ita ba.

Na zubar da tsohon esansi, na haɗa sabo da ma'aunina. Na sa man sarƙa mai kyau. Na wasa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Na kwance buji na same shi baƙi ƙirin da toka mai laushi. Littafin ya faɗi ma'anar wannan ƙarara, cewa inji ba ya samun isasshiyar iska, kuma ni da kaina na ja wa wurin jan layi. Na goge bujin da sauri na mayar. Na ja igiya, inji ya tashi. Na dubi jama'a. Na ba shi wuta, ya yi tari kamar tsoho mai mura, ya feso hayaƙi, ya mutu.

"Wataƙila tsayin ƙasa ne," na ce. "Kun san yankin nan a kan duwatsu yake, iska ba ta da kauri."

"Daga Tamanrasset zuwa nan gangara ka yi ko hawa?" in ji Baba Ilyas.

Gangara na yi. Ni mai lisansi a labarin ƙasa, gangara na yi tun asuba. Na sake jan igiya. Ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Na uku ma haka. Gumi ya jiƙa rawanina. Na fara wani bayani a kan ingancin esansin da ake sayarwa a bakin hanya, ni kaina ban san inda jimlar za ta ƙare ba.

Duk wannan lokaci Inna Fadimata tana zaune a bakin matarar, ta karkata kai tana saurare. Hausarta ba ta kai ta ƙanenta ba, amma ta isa.

"Yaro, kukansa irin na injin ruwana ne ranar da hancinsa ya toshe. Buɗe masa hanci."

"Inna, hanci kam ina jin lafiya lau yake, domin ni da kaina na..." Sai na tsaya.

"Kai da kanka ka me?"

Ta taso, ta ɗauki turnabis ɗina, wato sukudireba, daga cikin jerin (ta ɓata mini jerin, har wannan na lura da shi), ta kwance murfin. A inda matatar iska ya kamata ta kasance, akwai wani dunƙule baƙi mai tauri, an ɗaure shi da zare. Ƙura da mai da garin dabino sun haɗu sun daskare a kansa, ya koma kamar fatar ganga. Ta tsinke zaren, ta ɓare shi ninki ɗaya, biyu, uku, huɗu. A ƙarƙashi ga matatar nan fes, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Kusan wata biyu babu rairayin da ya kai gare ta. Iska ma haka.

Kowa ya matso. Habu ya ce ko kamfanin ne ke sa shi don tafiya a mota, aka manta ba a cire ba. Ɗaya daga cikin abokansa ya ce a'a, wannan hannun maƙiyi ne, wani ne ba ya son lambun Baba da alheri. Baba Ilyas ya juya gare ni ya ce, "Kai da ka karanta littafin, akwai wannan a ciki?" Na ce, a iya sanina, babu. Wannan gaskiya ce. Ita ce kuma dama ta ƙarshe da na samu ta faɗin sauran gaskiyar da bakina, na bar ta ta wuce, ina addu'a a yar da abin a bayan katanga.

Inna Fadimata ba ta yar da komai. Ta ce ƙyalle ne mai kyau, zai yi goge-goge. Ta tsoma shi a bokiti, ta sa sabulu, ta cuɗa. Ruwan ya yi baƙi, ta sake wani. Muna tsaye muna kallo launin ya fara fitowa sannu a hankali. Ta matse, ta warware shi a rana. Ruwan hoda.

Na ji idanun mutum biyar sun bar ƙyallen sun hau kaina. Jelar rawanina tana reto a kafaɗata, bakinta a yanke, karkatacce, da sawun almakashi. Inna Fadimata ta matso a hankali, ta kama jelar, ta kara ƙyallen a jiki. Ko tela ba zai haɗa su daidai haka ba.

"Ni ne," na ce. "Na ga kamar... saboda rairayi. Na ga kowa yana rufe hanci."

Habu ne ya fara. Ya juya baya don ladabi, amma kafaɗunsa suka tona shi, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Abokansa suka bi. Baba Ilyas bai yi sauti ba, sai dai na ga shuɗin amawalinsa yana rawa, idanunsa sun kawo ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, ka yi masa tarbiyya, ba mu ƙi ba. Amma mu muna kwance namu mu kaɗe kowace rana. Kuma ninki huɗu, ko gaban surukina ban taɓa yi ba."

"Injuna nawa ka yi wa naɗin rawani haka, Malam?" in ji Habu.

"Shida."

Wannan ya sake kayar da su. Ni dai ina tsaye, ina lissafin yadda zan bi motar yamma, in wuce shago, in zarce Gataa El Oued ba tare da na ga Kawu ba. Inna Fadimata ce ta katse dariyar. Ta nuna tumatir da haɓa.

"In kun gama, ruwa bai tafi ba."

Na mayar da murfi. Na ja igiya. Ban taɓa jin muryar injin nan ta gaskiya ba sai a lokacin, domin tun yana sabo na toshe masa baki. Da na ba shi wuta ya ɗauka tar, ba tari, ba hayaƙi, har awakin da ke bayan shinge suka watse. Habu ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya gama da kututturen yanzu. Ban san daga ina na samo ƙarfin hali ba, mutumin da aka gama yi wa dariya, amma na kashe injin na ce a'a.

Na ce a fara wanke kututturen. Suka dube ni kamar na sake yanko wani rawanin. Na nuna musu rairayin da ya cika tsakanin zaren dabinon, na ce in sarƙa ta bi ta cikinsa, kafin yanka biyu ta dakushe. Aka kawo bokiti da tsintsiya aka wanke inda zan bi. Na sa aka tara duwatsu da guntayen itace a ƙarƙashin kututturen, kusa da bango, don idan ya rabu nauyin ya sauka a kansu, kada ya sauka a kan simintin da ya riga ya tsage. Na sa kowa ya koma baya taku goma (Habu ya yi bakwai, na jira har ya cika). Na fara daga kan da ya toshe magudana, ina yanka gajere-gajere. Inda itacen ke neman matse sarƙa, na ɗan shiga ta sama, na ƙarasa ta ƙasa. Bayan kowane yanka biyu in kashe, in share zaren da ya cushe, in duba ko mai yana fita, in taɓa sarƙa in ji ko ta saki. Duk tsoron nan nawa da ke sa in jijjiga tsani, a ranar ya sami aikin yi.

Yanka na ƙarshe shi ne na kan bango. Na yi bismilla, na shiga a hankali. Kututturen ya yi ƙara, ya rabu, ya zauna a kan duwatsun da muka tara kamar raƙumi ya durƙusa. Simintin ko gezau. Habu da abokansa suka mirgina guntun da ya danne bakin magudana, Inna Fadimata ta sa hannu ta kwashe tarkacen. Ruwan ya yi jim, sannan ya taho, yana tura ganye da garin dabino a gabansa, ya bi magudana ya karya kwana ya shiga fangalin farko. Muka bi shi da ƙafa, mu shida, kamar masu rakiyar baƙo.

"Sannu, Malam," in ji Habu, kuma wannan karon na yarda da muryar. "Yau kafaɗata za ta yi barci."

Kafin in tafi na wanke injin tas, domin ruwan jikin dabino yana cin ƙarfe in an bar shi ya kwana. Na zaunar da Inna Fadimata, ba Baba ba, na nuna mata yadda ake cire matatar a kaɗe ta a wanke, da awon mai, na kuma bar mata ma'aunina. Ta saurara, ta gyara mini riƙon turnabis. Baba Ilyas ya kira Kawu a gabana, ya ce inji ya yanka, ruwa ya tafi, yaron nan ya iya aiki. Na fara murna a raina cewa zai tsaya nan. Sai ya ce, "Sauran labarin kuma bari ya zo ya ba ka da bakinsa, ni in na fara ba zan iya gamawa ba."

Washegari na faɗa wa Kawu komai, a tsaye, ba tare da wataƙila ko ɗaya ba. Ya sa na buɗe biyun da suka rage a gabansa. Ya ɗaga ƙyallayen ruwan hoda ya daɗe yana kallo, sannan ya kira maƙwabcinsa mai sayar da fenti ya zo ya gani, shi kuma ya kira na kusa da shi. Kafin azahar sunan Mai Amawali ya zaga kasuwa. A makon na bi sauran mutum ukun har lambunansu, ɗaya bayan ɗaya, na buɗe, na cire, na ba da haƙuri, na jira aka gama dariya, sannan na koya musu kaɗe matata. Injunan nan huɗu, a iya sanina, duk suna aiki har yau, biyun da suka rage ma sun fita, Kawu ya sake kawo wasu. Mutane suna zuwa daga nesa suna tambayar shagon Mai Amawali, wai shi ne wanda ba ya wasa da hancin inji. Teburin yana nan. Kawu ma ya sa kafinta ya ƙara masa ƙafa.

Yanzu duk wanda ya sayi inji ba ya fita sai ya buɗe murfin da hannunsa a gabana, ya ga abin da ke ciki da abin da babu. Idan kuma wata dabara ta zo mini wadda ba ta cikin littafi, kuma na ji ina jin kunyar faɗinta a fili, to na gane ba dabara ba ce, sai in bar almakashi a inda yake. Rawanin ruwan hoda har yanzu shi nake naɗawa. Ya ɗan gajarta, ba ya kai wa hanci sosai, amma na lura ina numfashi lafiya.